Tsakanin Huhu da Ɓargon Haƙori

'Yan'uwana ɗalibai, da ku malamanmu, yau ina roƙon ku yi mini uzuri in kauce wa waƙa da tatsuniya da muka saba gani a shafunan wannan mujalla tamu, in ja ku mu leƙa ɗakin likita. Ba wai don ni likita ne ba, ko kusa. Ni ɗalibin Hausa ne kamar yawancinku, ɗan mahauta kuma gaba da baya, watau na san cikin akuya tun ban san baƙi da wasali ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wasu kalmomi biyu na Latin waɗanda likitocin duniya suka gada suke ta jujjuyawa a bakinsu, mu kuwa har yanzu ba mu zauna mun yi musu masauki sosai a harshenmu ba. Ta farko ita ce pulmo, ta biyu pulpa.

Shekara biyu ke nan muna ɗaki ɗaya da wani ɗalibin likitanci, mutum mai haddar dare kamar gardi a tsangaya, kuma a bakinsa na fara jin kalmomin nan. Bahaushe, da yake ba shi da "p" a cikin baƙaƙensa, in ya ji su sai ya ce fulmo da fulfa, ya kuma rantse uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Alhali kuwa kama da wane ba ta wane. Pulmo huhu ne, daga gare shi aka sami pulmonary, watau abin da ya shafi huhu. Pulpa kuwa tsoka ce mai laushi irin ta cikin ɗan itace, da ita kuma likitocin haƙori suke kiran ɗan naman nan mai rai da ke ɓoye can a tsakiyar haƙori. In ya harbu ya kumbura sai su ce pulpitis, don duk inda ka ji -itis a wutsiyar sunan cuta, to, kumburi da zafi ake nufi.

Wani zai ce ina ruwanmu, ai wannan rigimar likitoci ce. To, ga inda ruwanmu yake. Kwanan baya na karanta wani bayani a kan ciwon haƙori wanda aka ba injin fassara ya juya zuwa Hausa, sai na ga an rubuta wai ƙwayoyin cuta sukan shiga "ɓangaren litattafan almara" na haƙori. Na karanta sau uku. Ashe a Ingilishi kalmar pulp tana kuma nufin dagwalon itacen da ake yin takarda da shi, har aka laƙaba ta ga wasu mujallun labarai masu araha da aka yi yayi a Amurka a farkon rabin ƙarni na 20, saboda a irin wannan takarda ake buga su. Injin ya tsinci wannan ma'ana ya cusa ta a bakin mai ciwon haƙori. Abin dariya ne, amma mai kumburarren kunci da ya nemi bayani da harshensa bai sami komi ba sai litattafan almara. Aron kalma da sautinta kawai shi ma bai tsira ba. Akwai wata muguwar cuta mai cinye kunci da leɓɓan yara masu tamowa, sunanta noma daga Girkanci, har akwai asibitinta na musamman a Sakkwato tun 1999. Ka je ƙauye ka ce wa mutum noma yana kashe yara, ka ga irin kallon da zai yi maka.

Bari mu fara da huhu, don nan ne gidanmu. Duk yaron da ya taɓa wanke kayan ciki a mahauta ya san cewa in aka zuba su a daro, hanta da ƙoda da zuciya nutsewa suke yi, huhu kuwa sai ya taso sama yana reto. Masana asalin kalmomi sun ce pulmo ma daga wani tsohon tushe ya fito mai nufin abin da ke tasowa bisa ruwa, mahautan Ingila kuma sukan kira huhun dabba da sunan da ke nufin marar nauyi. Ka ga ke nan sunan da likita yake taƙama da shi, asalinsa a daron mahauci aka raɗa shi.

Akwai abin da ya fi wannan. Ina yaro, in aka feɗe dabba aka ciro huhu, babana yakan matsa shi da yatsa. Lafiyayye ja-ja ne mai haske, da laushi kamar soso. In kuwa ya ji wani sashe ya yi tauri ya yi duhu, sai ya ce, "Kai, yanke wannan ka yar, ya koma hanta." Irin wannan yanki in ka jefa shi a ruwa nutsewa yake. Da na ba abokin ɗakina wannan labari sai ya ajiye littafi ya dube ni, ya ce ai abin da suke haddacewa ke nan. Likitan nan na Faransa, Rene Laenek, wanda ya ƙago abin sauraren ƙirji a 1816, ya bayyana matakan cutar nimoniya a littafinsa na 1819, kuma ɗaya daga cikinsu har gobe sunansa hepatization, daga hepar, watau hanta da Girkanci. Ma'anarsa, huhu ya koma hanta. Babana bai taɓa jin sunan Laenek ba, amma kalma ɗaya suka yi amfani da ita, don abu ɗaya idonsu ya gani.

Su kansu Turawa ba su tsira daga ruɗani ba. Suna da pulmo na Latin, suna da pneumon na Girkanci, duk huhu ne, sai suka raba musu aiki ba bisa wata ƙa'ida ba: jijiyar huhu ta ɗauki na Latin, cutar huhu ta ɗauki na Girkanci. Sunayen gaɓoɓin jiki sun yi musu yawa suna ta maimaita juna, har sai da masana suka taru a birnin Bazil na ƙasar Suwizalan a 1895 suka tace su, aka yi ta gyara bayan nan har zuwa jerin da aka fitar a 1998. Watau abin da muke gani kamar saukakke ne, zama aka yi aka yi ta jayayya a kansa shekara ɗari da ɗoriya.

Mu namu ciwon ba rashin kalma ba ne, cunkoso ne a cikin kalma ɗaya. Ɗauki fuka. Mai asma, wanda hanyoyin iskarsa ke tsukewa lokaci-lokaci, a ce yana da fuka. Mai tibi kuma a ce yana da tarin fuka. Na farko ba ya harbin kowa, na biyu kuwa ƙwayar cuta ce da Robat Kok ya gano a Balin a 1882, tana bin iska daga mai tari zuwa na kusa da shi, kuma a 2023 kaɗai ta kashe mutum wajen miliyan 1 da dubu 250 a duniya. Maganinta wata 6 ne ba fashi. To, in kalma ɗaya ta haɗa su, sai a ƙyamaci mai asma a raba masa kwano a banza, shi kuwa mai tibi ya ce ai fuka ce ta gado, ya zauna gida yana tari cikin 'ya'yansa. Ni a ganina gara mu bar wa tibi sunan tarin fuka tun da ya riga ya bi bakin mutane da rediyo, ɗayar kuwa mu tsaya a kan asma, mu daina kiranta fuka sam.

Haka kuma "ciwon huhu". Buhu ne da ake zuba komi a ciki, daga nimoniya, wadda wasu ke cewa limoniya, har zuwa sankara. Mutanenmu kuma sukan ce sanyi ne ya shiga haƙarƙari, sai a ɗora laifi a kan fanka da ruwan randa, a yi ta gasa yaro da tsumma. Nimoniya kuwa ƙwayoyin cuta ne suke shiga 'yan jakunkunan iska na huhu su cika su da ruwa da mugunya, shi ya sa wurin yake tauri kamar hanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 cutar ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da dubu 740, Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen da abin ya fi shafa. Abin da uwa take bukata a nan ba sunan Girkanci ba ne. Tana bukatar a gaya mata da Hausa cewa in yaro yana tari, ta buɗe rigarsa ta ƙirga numfashinsa na minti ɗaya: in ɗan wata 2 zuwa wata 11 ne ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 ya kai 40, ko ta ga ƙasan ƙirjinsa yana faɗawa ciki in ya ja iska, to, ta goya shi sai asibiti. Duk wannan jumla ba kalmar aro a ciki sai minti da asibiti.

Na ambaci jakunkunan iska. Likitoci suna ce wa kowace alveolus, watau ɗan rami, kuma akwai su ɗaruruwan miliyoyi a huhun mutum guda. Ga abin mamaki, da wannan kalma ɗin dai suke kiran ramin da haƙori yake zaune a cikin muƙamuƙi. Ku kuma 'yan ajin ilmin furuci kun san ta, don daga gare ta aka sami sunan tudun nan na bayan haƙoran sama inda harshe ke taɓawa in za a furta "t" da "d". Malamanmu da suka zauna suka yi aikin keɓaɓɓun kalmomi, wanda aka buga a 1990 ƙarƙashin Farfesa Dalhatu Muhammad, ba su ce "albiyola" ba. Hanƙa muke cewa a aji, sautin kuma bahanƙe, kamar yadda muke cewa baleɓe da baganɗe, da kuma iskar huhu. Inda Latin ya yi cunkoso da kalma ɗaya, mu muna da uku: jakar iska, gurbin haƙori, da hanƙa. Wannan ya isa ya rufe bakin masu cewa Hausa ba ta iya ɗaukar kimiyya. Abin da ya ba ni takaici shi ne, aikin da aka yi wa ilmin harshe ba a yi wa ɗakin likita irinsa da zai shiga bakin kowa ba.

Tun da gurbin haƙori ya kawo mu baki, sai mu tsaya a nan, don nan ne maganar ta fi yi mini zafi.

Babban mutum yana da haƙori 32, yaro kuwa 20 na nono. Kowane haƙori hawa uku ne. Akwai farin ɓawo na waje, wanda ya fi komi tauri a jikin ɗan Adam, ba ya kuma jin zafi. Ƙarƙashinsa akwai wani hawa mai ɗan rawaya, irin abin da hauren giwa yake da shi. Can tsakiya kuma akwai ɗan ɗaki, da siraran hanyoyi da suka bi saiwa har ƙasa, cike da nama mai laushi mai hanyoyin jini da na jin zafi. Wannan shi ne pulpa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga: ƙwayoyin cuta na baki suna cin ragowar zaƙi su fitar da tsami, tsamin ya zaizaye ɓawo ya yi kogo, kogo ya yi ta zurfi har ya kusanci ɗakin. Wani likitan haƙori Ba'amurke mai suna Mila ne ya bayyana haka a 1890, kafinsa kuma Fiya Fosha na Faransa ya ƙaryata zancen tsutsar haƙori tun 1728. Tsutsar nan ba mu kaɗai muka yarda da ita ba, mutanen Babila ma sun yi mata addu'o'in kora. A wajenmu dai har yanzu tana nan da ranta.

Dalilin da ya sa ciwon haƙori yake sa dattijo kuka shi ne wannan. In yatsa ya kumbura yana da wurin buɗawa. Naman nan kuwa a kulle yake cikin bango mai tauri, kamar ƙafa ta kumbura cikin matsattsen takalmi, ga shi kuma ta 'yar ƙofa ɗaya a ƙarshen saiwa jini yake shiga ya fita. Da dare in mutum ya kwanta jini ya ƙaru a kai, sai zugi ya ƙaru. Likitoci sun raba kumburin gida biyu. In ka sha ruwan sanyi ka ji tsam, nan da nan ya wuce, to, da sauran gyara, ciko kawai za a yi wa kogon. In kuwa zafin ya daɗe bayan ruwan ya wuce, ko ya tashe ka daga barci ba ka ci komi ba, to, naman ya kama hanyar mutuwa. Ranar da ya mutu kuwa zafi yakan ɗauke ɗif. A nan mutane da yawa suke halaka, don suna tsammani sauƙi ne ya samu.

Haka ta faru ga gwaggona bara. Ta yi mako biyu tana cusa kanumfari a kogon turminta, kuma ba laifinta, don man kanumfari yana kashe zafi, likitocin haƙori ma suna aiki da shi. Da zafi ya ɗauke ta ce tsutsa ta mutu. Bayan 'yan makonni kunci ya haye, ga zazzaɓi. Na kai ta wani asibiti, likitan ba ya jin Hausa, sai aka kira wani ma'aikaci ya yi tafinta. Ya ce, "Mama, likita ya ce jijiyarki ta mutu, sai an cire ta." Gwaggo ta yi salati ta gyara lulluɓi, ta ce mini, "Ɗan nan, tashi mu tafi. Ni da aka cire wa jijiya ai sai dai a riƙa juya ni a tabarma." Tana da hujja, don ta san yaron maƙwabta da aka ce allura ta taɓa masa jijiya ƙafarsa ta shanye. Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri ki zauna. Kin san ɓargon da kike zuƙewa a ƙashin miya? To, haƙori ma yana da nasa ɗan ɓargo, naki ne ya ruɓe. Za a kwashe shi a wanke ramin a cike, haƙorin yana nan a wurinsa." Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "To, da haka ya faɗa tun farko." Tafintan bai yi ƙarya ba, abin da kowa yake faɗa ya faɗa. Kalmar ce ta ci amanarsa.

Jijiya ita ce babbar mai laifi a duk wannan magana. Hanyar da ke kai jini jijiya, wadda ke komo da shi jijiya, mai ɗaukar saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa jijiya, igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi ita ma jijiya. Kada mu ji kunya, Girkawa ma haka suka fara. Kalmarsu neuron da can tana nufin igiyar tsoka, sai da Hirofilus na Iskandariyya, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rarrabe su. Kalmarsu arteria kuwa maƙogwaro take nufi, don sun zaci iska ce ke bin hanyoyin jini. Hanyar da jini ke bi daga gefen dama na zuciya ya ratsa huhu ya komo gefen hagu, sai a ƙarni na 13 Ibn Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, ya bayyana ta daidai. Mu kuwa rabin aikin an riga an yi mana a mahauta, inda ba mai kiran agara da sunan jijiyar jini. Saura mu ɗaure wa kanmu cewa jijiyar jini daban, jijiyar ji daban, kada a sake sakin kalmar tsirara a gaban majinyaci.

Game da sunan pulpa, na auna kalmomi huɗu. "Jijiyar haƙori" kun ga abin da ta jawo, kuma ba gaskiya ba ce duka, tun da ba jijiya kaɗai ke cikin ɗakin ba. "Tsokar haƙori" za a ɗauka dasashi ake nufi. Abokin ɗakina ya fi son "totuwar haƙori", don totuwa ita ce laushin tsakiyar kara, kuma ta yi kusa da lubb na Larabawa, waɗanda ke cewa lubbus sinni. Kalma ce mai kyau, amma totuwa busasshiya ce, ba jini ba zafi, wanda ya ji ta ba zai yi gaggawar zuwa asibiti ba. Ni dai ɓargo na zaɓa. Yana cikin abu mai tauri, yana da laushi, yana da jini, kuma Bahaushe ya riga ya san shi da wurin da zafi yake ƙarewa, shi ya sa yake cewa sanyi ya ratsa shi har ɓargo. Jamusawa ma, ban da ta Latin, suna da tasu kalma Zahnmark, ma'anarta ɓargon haƙori sak. Abokina ya yi gardama cewa ɓargon ƙashi yana ƙera jini, na haƙori kuwa ba ya yi. Gaskiya ne. Amma na tambaye shi ko pulpa ɗin da yake haddacewa mangwaro ne a cikin baki, sai ya yi dariya ya koma kan littafinsa. Sharaɗi ɗaya dai, masu buga mana takardu su ji tsoron Allah su riƙa sa wa "ɓ" ƙugiyarta, kada a wayi gari a ce haƙori yana da bargon lulluɓa.

Shawarata ga wannan ƙungiya tamu ita ce, a hutun da ke tafe kowane ɗalibi ya ɗauki littafi ya zauna da mahauta da wanzamai da ungozoma da masu ɗori na garinsu, ya rubuto sunan kowace gaɓa da kowace cuta yadda suke faɗa, da karin harshen wurin. In mun komo mu gayyaci 'yan'uwanmu na sashen likitanci, su ce wannan ta dace wannan ba ta dace ba, mu kuma mu ce wannan za ta shiga kunnen gwaggo wannan ba za ta shiga ba. Tsofaffin nan tafiya suke yi, yaran da ke gadonsu a rumfa kuwa da yawa sun fara cewa "liba" da "kidini".

Saura abu guda. Na ce pulmo da pulpa ba dangi ba ne a ƙamus, amma a cikin jiki akwai hanya tsakaninsu, kuma gajera ce. Mugunyar ruɓaɓɓen ɓargon haƙorin ƙasa takan gangara ƙarƙashin harshe da wuya ta kumbura har ta shaƙe maƙogwaro, cutar da wani likita Bajamushe mai suna Ludwig ya bayyana a 1836, wadda kan kashe mutum cikin 'yan kwanaki in ba a yi maza ba. Sa'an nan mutumin da bakinsa ya lalace, in ya suma, ko farfaɗiya ta kayar da shi, ko tsufa ya raunana masa haɗiya, yakan shaƙi yawu mai ƙwayoyin cuta su faɗa huhu su yi masa ƙurji a can ciki. Huhun dama, mai sassa 3, shi ya fi kamuwa bisa na hagu mai sassa 2, domin bututunsa ya fi faɗi ya kuma fi miƙewa ƙasa, har guntun haƙori in ya kuɓuce ya bi ta maƙogwaro galibi can yake faɗawa. Saboda haka ne a ɗakin masu jinya mai tsanani za ka ga nas tana goge wa majinyaci haƙora safe da yamma, alhali yana kwance da bututu a maƙogwaro, ko loma ɗaya bai ci ba.